Gadi Ake Koya Mana, Ko Sata?

Ni mutumin Riko ne, ta ƙasar Jibiya, bakin iyakarmu da Nijar. A wajenmu ko yaro ya san ɗan fasa-ƙwauri da ɗan kwastan hanya ɗaya suka sani: wancan ya bi ta da buhun shinkafa, wannan ya tsare ta.

Abin da ya faɗo mini a rai ke nan ran da malaminmu na tsaron kwamfuta ya sa muka rubuta ɗan shiri da harshen Python, layi bai fi goma ba, mai gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya har ƙofa ta buɗe. Nawa ya ci. Na yi murna, can kuma sai gabana ya faɗi. Ashe ɓalle kwaɗo ake koya mana?

Malam ya ce wanda bai san ta inda ɓarawo ke haurowa ba, ba ya iya gadi. Haka ne. Amma fa Robert Morris, wanda shirinsa ya tsai da dubban kwamfutoci a Amurka a 1988, ɗalibi ne kamarmu. Ya ce ba ɓarna ya nufa ba, kotu kuwa ta same shi da laifi, don ba wanda ya ba shi izini.

To, a aji malam ke ba da izini. Da na je hutu, ƙanena ya miƙo mini wayar abokinsa, wai in buɗe masa. Babu malam a Riko. Na ƙi, amma sai da na daɗe ina jujjuya wayar a hannuna.