Gyara Ko Rufa Aibi? Tambaya a Kan Tsohuwar Mota

A unguwar Zariya ta birnin Maraɗi ba abin mamaki ba ne a iske magidanci ƙarƙashin bedi, ya buɗe bakin tsohuwar motarsa, sifana a hannu, yaro riƙe da kwanon ƙusoshi. A ɗauka wannan magidanci tsohon malamin makaranta ne, motar kuma Peugeot 504 ce. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, a 1969 aka fito da samfurinta mai ƙofa biyu wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, wato motar ƙawa da gudu, kuma wannan samfuri ne ya ci gasar Safari ta Kenya a 1978. Mai ƙofa biyun ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba. Ƴar uwarta mai ƙofa huɗu, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna shekaru da yawa bayan Faransa ta daina a 1983, ita ce ta san hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina.

Mai wannan mota yana da hujja in ya ƙi rabuwa da ita. An gina ta ne yadda mai hankali zai fahimce ta: kafireta ana kwance ta a wanke da fetur a mayar, buji ana goge shi a daidaita bakinsa, matatar iska ana kakkaɓe mata ƙurar hunturu. Motocin zamani kuwa sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi ciwonsu. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan gyara na waje suka yi tsada, iya gyara ya zama wani ɓangare na tattalin gida. Akwai kuma wata tarbiyya a ciki wadda malamai za su gane: inji ba ya karɓar uzuri. Ɗalibi yana iya haddace amsa ya wuce jarrabawa, amma wanda ya ɗaura belt a karkace zai ji kukansa kafin ya kai bakin titi.

Sai dai kalmar gyara tana ɗauke da ayyuka biyu da suka yi kama a ido. Akwai wanda ke cire cuta, akwai wanda ke kashe alamarta. Tankin mai ya tsage, an murza sabulu an toshe. Fitilar gargaɗi ta dame shi, an cire wayarta. Man birki ya ƙare a daji, an zuba ruwan sabulu don a iso gari. Duk waɗannan ana kiransu dabara, kuma a lokacin larura dabara ce ta gaske. Matsalar tana farawa washegari, sa'ad da motar ta tashi lafiya, mai ita ya ga babu abin da ke gaggauta shi. Ruwa a bututun birki yana cin ƙarfe a hankali, kuma yana tafasa da wuri fiye da man birki. In birki ya yi zafi a doguwar tafiya, ƙafa sai ta nutse ba ta tarar da komai ba.

Shin laifin wa ke nan? Wanda ya kai motarsa garaji ya raba nauyi da bakanike: in an cuce shi yana da wanda zai tuhuma. Wanda ya yi gyara da hannunsa ya tattara sani da alhaki wuri guda. Shi kaɗai ya san cewa ƙusa huɗu ya tarar, uku ya mayar. Abin da ake yaba masa, wato dogaro da kai, shi ne ya sa babu shaida a kansa. Kuma ba shi kaɗai ke hawa ba. Ranar biki za ta ɗauki mata da yara zuwa Tibiri, wata rana ƙane zai are ta ya ɗauko kayan lambu daga Jiratawa, ga masu amalanke da ƴan makaranta a gefen hanya waɗanda ba a shawarce su ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan bambanci, ko da yake dabba da tufa suke magana a kai. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Maraɗi, ta hana ɓoye aibi a ciniki, ta kuma bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin da aka rufe masa. Hukuncin na ciniki ne, amma dalilinsa ya fi ciniki faɗi: wanda ya san abin da ɗan uwansa bai sani ba, kuma rashin sanin zai cutar da shi, shirunsa aiki ne. Mai aron mota ya ma fi mai saye rauni, domin kunya ba za ta bar shi ya leƙa ƙarƙashin abin da aka ba shi kyauta ba.

Wani zai ce wannan tsanani ne ga talaka, wanda ba son ransa ne ya sa shi toshe tanki da sabulu ba. Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne mai sabuwar mota ya yi wa mai tsohuwa wa'azi. Amma talauci yana hana sayen sabon bututu ne kawai, bai hana faɗa ba. Cewa "birkin nan sai ka taka sau biyu, kada ka ɗauki yara" ba ya cin ko dala.

Mafi wuya shi ne aibin da mai gyara ya ɓoye wa kansa. Wanda ya shekara ashirin yana jinyar mota ɗaya yakan ƙaunace ta, ya saba da karkatar sitiyarinta har hannunsa ya riƙa gyara ta ba da saninsa ba, ya daina jin ƙarar da baƙo zai ji nan take. Irin wannan mutum in an tambaye shi zai rantse lafiyarta lau, kuma ba ƙarya ya yi ba. Don haka akwai hikima ga wanda ke wanke kafireta da kansa, amma in ya taɓa birki ko sitiyari sai ya kira wani bakanike, ya miƙa masa makulli, ya koma kujerar gefe su zaga unguwa.