Zama da Liman Sayar da Bangaskiya Ne?

Karatu: Irmiya 29:4-7, Romawa 12:17-21

Wataƙila ka taɓa ganin fastonka a tabarma ɗaya da limamin unguwa suna shawara a kan rijiya ko 'yan sintiri, sai zuciyarka ta ce, "Anya wannan ba gama haske da duhu ba ne?" Tambayar tana da nauyi, musamman ga wanda ya binne nasa bayan rikici.

Ka duba Kaduna. A rikicin Zangon Kataf na 1992, James Wuye, wanda yau fasto ne a Assemblies of God, yana jagorantar matasan Kirista, a nan ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, kowa yana jin zafin ɗan'uwansa. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je dubiya. Duk da haka Fasto Wuye ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana aiki da limamin da ƙiyayya a ransa, har wani bawan Allah ya tsawata masa cewa ba a wa'azin Yesu da zuciya mai ƙi. Sai ya gafarta.

Tare suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. A watan Agusta 2002 shugabannin addini 22, Kirista da Musulmi, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta garin. Bayan wata uku jini ya sake zuba, amma ba su janye ba. A 2005 suka taimaka aka yi sulhun Yelwa da Shendam a Jihar Filato. Har yau Wuye fasto ne, Ashafa liman ne. Ba wanda ya bar abin da ya gaskata.

To, ina iyakar take? Sujada ta Allah ce, ba ma gauraya ta da kome. Ba ma ɓoye cewa ceto yana cikin Yesu Kristi kaɗai domin a yaba mana. Amma gari na kowa ne. Yahudawan da aka kai bauta Babila suna zaune cikin mutanen da suka ci Urushalima da yaƙi, duk da haka ta bakin Irmiya Ubangiji ya umarce su su yi wa birnin addu'a, su nemi alherinsa, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Bai ce su durƙusa wa gumakan Babila ba, bai kuma ce su nade hannu ba.

Tun rikicin 2000, mutanen Kaduna da yawa suka rabu, Kirista suka koma kudancin kogi, Musulmi arewa. Amma sauron Sabon Tasha da na Rigasa zazzaɓi ɗaya suke kawowa. Idan kasuwa ta ƙone, ba a tambayar addinin mai rumfa. Jita-jitar da ke ta da gari kuwa, sau da yawa kiran waya ɗaya tsakanin fasto da liman da suka amince da juna ya isa ya kashe ta. Wannan amana ba a gina ta ranar da wuta ta tashi.

Ka kuma tuna, wanda ba ka gaisawa da shi ba zai saurari bishara daga bakinka ba.

Aikin yau: Ka gai da maƙwabcinka Musulmi da sunansa. Idan yana da mara lafiya, je ka duba shi.

Addu'a: Ya Uba, ka cire ɗaci daga zuciyata. Ka ba shugabanninmu hikima su nemi salamar garinmu ba tare da musun sunanka ba. Cikin sunan Yesu, Amin.