MATAMBAYI BA YA ƁATA



A gidajenmu da yawa akwai wani baƙin ciki da ba a cika faɗinsa a fili ba. Iyaye sun sayar da hatsi da awaki, sun aika da ɗansu jami'a. Yaron da a dā yake yi wa Fada hidima a bagade ya dawo hutu, ran Lahadi kuma ya ƙi tashi zuwa coci. In an matsa masa, sai ya ce kimiyya ta riga ta bayyana yadda duniya ta samu, saboda haka ba sauran bukatar Allah. Uwa ta shiga ɗaki da hawaye, uba ya ce boko ya lalata masa ɗa. Kafin mu yanke hukunci, ko a kan yaron ko a kan bokon, bari mu ji labarin wani firist na Ikilisiyarmu.

An haifi Fada Georges Lemaître a ƙasar Beljiyam a shekarar 1894. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka naɗa shi firist a 1923, ya ƙaro ilimin lissafi da na taurari a Ingila da Amurka, sa'an nan ya koma gida yana koyarwa a Jami'ar Katolika ta Luvan. A lokacin, yawancin masana suna ɗauka cewa sararin samaniya tsaye yake, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. A 1927 Fada Lemaître ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin yana faɗaɗa, gungun taurari kuma suna nisantar juna. Albert Einstein kansa bai yarda ba da fari. A 1929 Edwin Hubble ya buga abin da ya auna da madubin hangen nesa a Amurka, awon kuwa ya goyi bayan lissafin. A 1931 Fada ya ƙara gaba, ya ce in sararin yana faɗaɗa, to, a can baya duk abin da ke cikinsa a dunƙule yake wuri guda, ya kira shi ƙwayar farko. Wannan shi ne tushen abin da ake koya wa 'ya'yanmu da sunan babbar fashewa. Awon masana na yanzu ya nuna abin ya faru kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce.

Ashe bayanin da saurayinmu yake ɗauka makamin rushe bangaskiya, daga hannun mai miƙa Hadaya Mai Tsarki ya fito. Cikin waɗanda suka fi yin gāba da shi kuwa har da Fred Hoyle na Ingila, masanin da ba ya bin addini, wanda ya tsaya a kan cewa samaniya ba ta da mafari.

Amma kada mu yi saurin tafi, gama labarin yana da gargaɗi dominmu ma. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Fadar Paparoma, ya yi magana kamar sabon bayanin ya zama shaidar halittar da Littafin Farawa ya ambata. Wannan bai yi wa Fada Lemaître daɗi ba. A ganinsa, lissafinsa bai tilasta wa kowa yin imani ba, bai kuma hana kowa ba. Ya san cewa bayanin kimiyya abin gyara ne kullum, wanda kuwa ya kafa bangaskiyarsa a kansa, ranar da aka gyara bayanin, bangaskiyar za ta girgiza. Ya ci gaba da bincikensa da addu'arsa, ya zama shugaban wannan majalisa a 1960. A 1965 wasu masana biyu a Amurka, Penzias da Wilson, suka sanar da gano sauran ɗumin wannan mafari, wanda ya cika sararin samaniya ta kowace fuska. Labarin ya iske Fada yana jinya, ya rasu a 1966.

Me wannan yake koya mana? Malamin gona zai iya faɗa mana yadda ƙwayar dawa take tsiro, da irin takin da take so, da yawan ruwan da zai ishe ta. Muna bin shawararsa, muna kuma gode masa. Amma in rumbu ya cika, ba awon da zai faɗa mana ko ya wajaba mu ɗebi kwano mu kai wa gwauruwar da ke maƙwabtaka da mu, ko wa za mu gode wa saboda damina. Kimiyya tana binciken yadda abubuwa suke tafiya. Dalilin da ya sa akwai wani abu tun farko, da darajar ɗan'adam, da abin da ke bayan kabari, waɗannan ba sa shiga ma'auninta. Wanda ya ce babu Allah domin madubi bai hango shi ba, ya riga ya fita daga gonar kimiyya, ra'ayinsa yake faɗa.

Dole mu ma mu amsa laifinmu. A 1633 kotun Ikilisiya ta hukunta Galileo saboda ya koyar cewa duniya ce take kewaya rana. A 1992 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yarda a fili cewa malaman tauhidin wancan zamani sun yi kuskure, domin sun ɗauki Littafi Mai Tsarki kamar littafin koyar da taurari. In 'ya'yanmu sun kawo wannan magana, kada mu musa, gama gaskiya ba ta tsoron haske.

Saboda haka, iyaye, kada ku kori mai tambaya, kada kuma ku kira shi kafiri. Ku tuna da Toma manzo: ya yi shakka, amma 'yan'uwansa ba su fitar da shi daga ɗaki ba, a cikin ɗakin nan kuwa Ubangiji ya same shi. Katikis da malamanmu, mu ƙara karatu, domin amsar da ta ishi ɗan shekara goma ba za ta ishi ɗalibin jami'a ba. Matasa, ku riƙe littattafanku da kyau, amma tambayar da kuke yi wa bangaskiya, ku yi wa shakkarku irinta. Maƙwabcin da ba ya ba da gaskiya kuwa, mu girmama shi. Sau da yawa ba lissafi ne ya raba shi da Allah ba, sai dai wahalar da ya sha, ko munafuncin da ya gani a wurin masu bi. Amsar wannan a halinmu take, ba a gardama ba.

Bari Allah, wanda ya ba mu hankali ya kuma ba mu bangaskiya, ya kiyaye 'ya'yanmu a makarantunsu, ya ba iyaye haƙuri, ya komo da masu shakka gida, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.