Kafin Ka Miƙa Makulli

Ɗana, ina taya ka murnar kammala karatu, Allah Ya sa wa ilimin albarka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifiyarka ta kira ni ranta a ɓace. Ta ce dillalin gidan da kuke haya a Landan ya zo dubawa, ya ce in kuka fita kuka bar gidan yadda ya gan shi, za a ɗauko masu shara da goge-goge, a cire ladansu daga kuɗin ajiyarku. Ta ce ka gaya mata zalunci ne, wai don ya ga ku baƙi ne. Ta turo mini hotunan da ka aika mata don ni ma in ga zaluncin. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da zan faɗa ba lalle ya yi maka daɗi ba, amma kawu ba ya ganin gyara ya yi shiru.

Dubi obin ɗin nan na kicin. Maiƙo ya daskare a ƙofarsa har gilashin ya dushe, ba a ganin abin da ke ciki. Bangon da ke bayan murhu ya yi ɗigo-ɗigon ja, kuma duk wanda ya taɓa soya manja ya san daga ina wannan ya fito. Ƙasan firji akwai ruwan nama da ya bushe. Ɗana, wa ya yi girki a gidan nan shekara guda cur? Mai gida ne? Ba na musun cewa baƙo yakan gamu da wulaƙanci a ƙasar mutane, amma kalmar zalunci tana da nauyi. In ka kashe ta a kan maiƙon da hannunka ya zuba, ranar da aka zalunce ka da gaske ba za ka sami mai saurarenka ba.

Ka tashi kana ganin yadda mahaifiyarka ke yi in ta aro tukunyar biki a maƙwabta. Ba ta mayar da ita sai an kankare ƙanzo, an goge gindinta da toka, ko da kuwa da baƙinta aka kawo ta. Ba wanda ya rubuta mata wannan a takarda. Gidan haya ma aro ne, biyan kuɗin wata bai mayar da shi naka ba.

To, ba kuma ina cewa ka miƙa wuya ga duk abin da dillali ya faɗa ba. Dokar ƙasar da kake ciki ta tsare maka haƙƙi fiye da yadda kake zato. Tun ranar 1 ga Yuni 2019, dokar da ta taƙaita kuɗaɗen da ake karɓa a hannun 'yan haya a Ingila ta hana mai gida ya ɗora maka kuɗin kamfanin shara a matsayin sharaɗi, ko ya ce dole sai ka kawo rasit ɗin ƙwararru. Abin da ke wuyanka shi ne ka mayar da gida da tsabta irin wadda ka same shi da ita. Ko da hannunka ka yi, ko ka biya wani, wannan ruwanka ne. Sai in ka gaza ne yake da ikon cire abin da gyaran ya ci, daidai gwargwado, daga kuɗin ajiya. Kuɗin ajiyar ma dokar ta ƙayyade shi, ba ya wuce hayar mako 5 in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba.

Kuma kuɗin nan ba na mai gida ba ne, naka ne har sai ya kawo hujja. Tun 2007 aka wajabta a tsare shi a ƙarƙashin ɗaya daga cikin hukumomin ajiya uku da gwamnati ta amince da su, kuma a yanzu wa'adin yin haka kwana 30 ne daga ranar da aka karɓa. Tunda mai gidan ba tare kuke zaune ba, wannan ya shafe ku. Ka binciko saƙon da aka aiko maka lokacin da kuka shiga, za ka ga sunan hukumar. In kun saɓa a kan abin da za a cire, hukumar tana da masu raba gardama, kyauta, kuma mai gida ne zai nuna shaida. In kun daidaita, cikin kwana 10 ake mayar maka da kuɗinka. Shaidar da suka fi dubawa ita ce takardar nan da aka ba ku ranar shiga, wadda aka lissafa kayan gida da yanayin kowane ɗaki, da hotuna. Ina fata ka karanta ta kafin ka sa hannu, domin da ita za a auna ka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne bambanci tsakanin dauɗa da tsufa. A hotunanka na ga kafet ɗin zaure ya kwanta a tsakiya inda ƙafa ke bi. Wannan tsufa ne, na mai gida ne, hayar da kuke biya ta riga ta ɗauke shi. Fentin da rana ta dusar a gefen taga, shi ma haka. Amma shatin dutsen guga da na gani a kafet ɗin ɗakinka ɓarna ce, kuma taka ce. Ko a nan ma ba a yarda ya sayi sabon kafet fil da kuɗinka ba, alhali tsoho ya shimfiɗa muku. Ana duba shekarun da kafet ɗin ya yi, a ɗora maka rabonka kawai. Fumfunar banɗaki ita ce mai wuyar hukunci. In bango ne ke tsatsafo da ruwa ko bututu ke yoyo, gyara na mai gida ne. In kuwa kun rufe tagogi ruf duk lokacin sanyi kuna shanya wanki a ɗaki, to da hannunku a ciki. Kai ka san wanne ne, ka faɗi gaskiyarsa.

Kada ka ɗauka Turawa ne suka fara wannan lissafi. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tattauna shi a babin haya. Sun ce ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace ba da sakacinsa ba, amma yana biyan abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci. Har yashe masai sun yi magana a kai. A littafin Mudawwana an ɗora shi, tare da gyaran gida, a kan mai gida. A Muhtasar na Halilu kuma an halatta a sharɗanta wa ɗan haya shi tun wajen ƙulla haya. Inda ba a yi sharaɗi ba, al'adar gari tana da ta cewa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu da muke da wannan a littattafanmu, a nan gida sai ka ga mutum ya tashi daga haya da dare, ya bar bola a tsakar gida da bashin wuta, mai gida kuma ya riƙe kuɗin ajiya ko da an bar masa gida fes. Kowa yana ramawa a kan wanda bai yi masa laifi ba. Ba na so ka dawo ka shiga wannan sahu, ko kana ɗan haya ko ranar da Allah Ya ba ka naka gidan.

Akwai kuma abokan zamanka biyu. In takarda ɗaya kuka sa wa hannu, abin da aka cire kanku duka zai faɗa. Na ji ka ce kai jirgi za ka hau, in sun ga dama su riƙe kuɗin. Ɗana, ba kuɗinka kaɗai ke ciki ba. Ɗayansu yana da sauran karatu, da wannan kuɗin zai kama wani ɗaki. Ka tafi ka bar shi da asara saboda ƙyuyar kwana ɗaya, wannan haƙƙi ne, kuma jirgi ba ya sauke shi.

Kuna da sauran kwanaki. Ku zauna ku uku ku raba aiki. Ku sayi maganin wanke obin, ku shafa ku bar shi ya jiƙa kafin ku kankare. Ku kashe firji, ƙanƙarar ta narke, ku wanke, ku bar ƙofarsa a buɗe. Ku fitar da shara gaba ɗaya, kada ku bar ko tsohuwar katifa da sunan wani zai amfana, domin kwashe ta ma kuɗi ne. In kun gama, ku ɗauki hoton kowane ɗaki da rana, da lambar mitar wuta da ta gas. Maganar dutsen guga kuwa, ka rubuta wa dillalin da kanka tun bai tambaya ba, ka ce kai ka yi, a cire daga rabonka. In bayan wannan ya nemi abin da ba haƙƙinsa ba, kada ka yi faɗa, kada ka yi zagi, ka kai maganar gaban hukumar ajiya, ni kuma ina bayanka.

Ka kira mahaifiyarka yau ka kwantar mata da hankali, don ta kwana tana tunanin an cuci ɗanta. Ka gai da abokan zamanka. Allah Ya yi maka albarka.

Kawunka.