Gado da Ƙaddara a Turken Akuya

Alaƙar sababi da abin da yake haifarwa tana cikin mas'alolin da malaman tauhidi suka daɗe suna warwarewa, kuma tana bayyana ƙarara a turken awaki, inda mai kiwo a Bauranya ko wani ƙauye na ƙasar Kankiya da Kusada yake ganin 'yan awaki biyu da aka haifa a mako ɗaya, wannan ya murje tun kafin yaye, wancan kuwa ya tsumbure yana raɓe a gindin danga. Wani zai ce iri ne, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wani kuma ya ce rabo ne.

Masana kiwo, irin na cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, suna da ma'auni da za a iya kira gwargwadon gado, wato kason bambancin da ke tsakanin dabbobin garke wanda yake komawa ga ƙwayoyin halittar da iyaye suka ba 'ya'yansu, saɓanin kason da ke komawa ga abinci da lafiya da yanayi. Ma'aunin yana tsakanin 0 da 1, kuma a nauyin haihuwa da na yaye galibi ba ya kai rabi, saboda ɗan akuya a watanninsa uku na farko ya dogara ne ga nonon uwarsa, nonon kuma ya dogara ga harawa da dusa da 'ya'yan gawo da ta samu. Wanda aka haifa tilo yakan fi tagwaye nauyi ko da ubansu ɗaya, haka kuma akuyar da ta ɗauki cikinta na wata biyar a bazara ba daidai take da wadda ta ɗauka a kaka ba. Abin lura shi ne, ma'aunin yana magana a kan garke, ba ya yanke hukunci a kan ɗan akuya guda.

Musulunci bai musanta gado ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fatarsa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi game da raƙumansa jajaye da ake samun mai launin toka a cikinsu, ya nuna masa cewa jijiyar kakanni takan fizgo siffa bayan ta ɓuya. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma ake karanta littattafansa a zaurukan ƙasar Hausa, ya sanya irin wannan alaƙa a ƙarƙashin hukuncin al'ada, wato haɗuwar abu biyu da aka sani ta hanyar maimaituwa, wadda tana iya saɓawa, kuma mai tasiri a cikinta Allah ne shi kaɗai. A ganin mai wannan rubutu, gwargwadon gado awo ne na wannan al'ada da Allah Ya gudanar, kuma kasancewarsa ƙasa da 1 shaida ce cewa sababin ba ya tilasta sakamako.

Amma al'adar da take iya saɓawa ba wadda za a yi watsi da ita ba ce. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka riƙa tsallaka Sahara da fatarta har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ta tabbata a kan siffarta ne saboda gado yana taruwa zuriya bayan zuriya, komai ƙanƙantar kasonsa. Nan ne sakaci yake shiga da rigar tawakkali: idan bukatar taki ko hidimar suna ta taso, bunsurun da ya fi saurin girma shi ake ja zuwa kasuwar Kankiya ko Caranci domin ya fi kuɗi, ko a dandaƙe shi ya zama taure, sai a bar tsumburarren yana barbarar awakin unguwa duk rani, har da uwarsa da 'yan'uwansa. Matar da ta rasa yadda za ta yi ta sayar da na kirkin tana da uzuri, amma unguwar da ba ta taɓa haɗa hannu ta ware bunsuru ɗaya nagari ba, ita ma zaɓi ta yi, kuma bayan 'yan shekaru za ta ga sakamakonsa a kowane turke.