Shirun Mai Gona

Shekara biyu ke nan ina aiki a wani ofishin lauyoyi a Gusau, kuma mafi yawan abin da ke zuwa teburina rigimar fili ce da bashin kasuwa. A daminar bara maigidana ya miƙo mini wani fayil, ya ce tunda ni ɗan Morai ne, na fi kowa a ofis sanin ƙasar da ake magana a kanta. Gona ce a filin noman rani na Bakalori, tsakanin Talata Mafara da Bakura. Wanda muke karewa wani Alhaji ne mai fataucin shinkafa, wanda ya gaji gonar daga mahaifinsa. Ya nemi rance a banki, banki ya ce sai ya kawo takardar shaidar mallaka, domin tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo bankuna suka san cewa jinginar fili ba tare da amincewar gwamna ba aikin banza ce. Ranar da masu awo suka kafa turakun siminti a kusurwoyin gonar, wani dattijo da ƙannensa suka kai ƙara kotun shari'ar Musulunci. Suka ce gonar ubansu ce, jingina ya bayar a 1981, bai sayar ba.

A ido, shari'ar ba ta da wuya. Muna da takarda da Turanci mai cewa an sayar, da dangwalen yatsan marigayin. Muna kuma da abin da ya fi takarda ƙarfi a gaban alƙali, wato hauzi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Tuhfa ta Ibnu Asim da alƙalanmu ke hukunci da ita, idan mutum ya riƙe gona shekara goma yana sarrafa ta kamar tasa, wanda ke da'awarta yana nan yana gani, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to ba a sauraren da'awarsa bayan nan. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin yakan kai shekara arba'in. Nan babu dangantaka, kuma an haura arba'in ɗin ma. Cikin yini guda na rubuta hujjata, har maigidana ya yaba.

Ba na cikin masu raina wannan ƙa'ida. Shaidu suna mutuwa, tunani yana dusashewa, gona kuma ba ta jiran a gama gardama kafin a yi shuka. Wanda ya share shekaru yana zuba taki yana gyara kwalbati yana da haƙƙin ya kwanta ba da fargabar jikan wani zai fito masa da tsohon labari ba. Malaman da suka kafa wa'adin sun dogara da abin da suka sani na halin ɗan Adam: ba a ci wa mutum gona yana kallo ya yi shiru. In ya yi shiru, alama ce ya san ba tasa ba ce. Abin da ya hana ni barci shi ne ko wannan zato yana tsayawa a kowace ƙasa da kowane zamani.

An gina madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Ruwan ya cinye gonaki da garuruwa a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane. A ƙasan madatsar kuwa, inda aka shirya noman rani, katafila ta bi gonaki ta baje su domin ruwa ya gudana daidai. Kakana yakan ce a da idan aka yi musun iyaka, sai a je gindin ɗorawa ko kanya, ko a bi layin gamba, dattawa su nuna da sanda a gama. Katafila ta tumɓuke waɗannan shaidu duka. Manoma da yawa sun yi shekaru ba su shuka ba suna jiran a mayar musu da filayensu, ana ta jan ƙafa kan diyyar amfanin gona da itatuwa. A cikin wannan yunwa ne masu kuɗi suka riƙa karɓar gonaki da araha. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, sashe na 47 kuma ya hana kotu duba ko diyya ta wadatar, har sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 1986 hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Manoman ba su yi shiru ba. Sun tare hanyoyi, sun tsayar da aiki, Gwamna Shehu Kangiwa ya yi musu alkawari. A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a wajejen Birnin Tudu. Gwamnati ta amsa mutuwar mutum ashirin da 'yan kai, wasu da suka bi diddigi suka ƙirga fiye da 300.

Takardarmu an dangwala mata yatsa shekara guda bayan wannan.

Fiƙihu bai jahilci tsoro ba. Hauzi ba ya cin wanda yake yaro, ko wanda ba ya gari, ko wanda tsoron mai riƙe da gonar ya ɗaure masa baki. Ba ya kuma cin gonar da aka tabbatar aro ce ko jingina. Amma tsoron da kotu ta sani yana da fuska da suna. Alƙali zai tambaya: wa ya tsorata ka, yaushe, gaban wa? Mahaifin Alhaji ɗan kasuwa ne, bai taɓa riƙe bindiga ba, babu wanda ya ce ya yi wa kowa barazana. Tsoron da ya sauka a wannan ƙasa bayan 1980 ya shiga gidaje ne kamar hazo, ya koya wa mutane cewa maganar gona tana kai mutum kushewa. Irin wannan ba shi da layi a cikin fayil.

Duk da haka na yi wa kaina gardama, domin aikina ke nan. A ce tsoro ya rufe baki shekara biyar, ko goma. Ina 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, hukuma ta matso kusa? Ina 2000, da aka faɗaɗa shari'ar Musulunci a jihar? Me ya sa sai yanzu, bayan shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara magudanan ruwa, gonar ta yi daraja? Mai da'awa ma mutum ne, kwaɗayi ba ya tsallake talaka.

Bayan zaman farko dattijon ya tare ni a bakin kotu. Ba shi da lauya. Ya ce ya san kakana, na rusuna na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni da damar tattauna shari'ar da kai." Ya yi murmushi ya ce, "Na sani, ɗana. Abu guda zan hwaɗa maka. Wanda bai da kuɗin fansa, mi zai je ya ce? Mu jira munka yi." Ya kama hanyarsa. Sai na ga akwai shiru na uku, bayan na yarda da na tsoro: shirun wanda ke ganin alkawari yana nan daram, sai ranar da Allah Ya hore masa. A al'adarmu jingina ba ta tsufa. Wanda ya gaskata haka ba shi da dalilin ɗaga murya sai ranar da ya ga turakun siminti.

Da abin ya tsaya nan, da na ce magana ce babu shaida. To amma muna shirya Alhaji domin zama na gaba, sai ya ambata, shi a ganinsa yabon mahaifinsa yake yi, cewa marigayin yakan aika wa gidan nan buhun shinkafa guda kowace kaka har ya rasu. Na tambaye shi ko zakka ce. Ya ce a'a, zakka daban ake fitarwa, wannan na gidan ne kawai, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ko kyauta ce ta mai tausayi, ko kuwa gaisuwar wanda ya san gonar da mai ita, ni ban isa in yanke ba. Na dai san cewa idan wannan buhu ya shiga kunnen alƙali, hauzinmu zai girgiza. Masu ƙarar ba su ambace shi ba, ƙila ba su ɗauke shi hujja ba. Ni kuwa amanar aiki ta hana ni faɗa, kuma babu ƙaryar da zan yi idan ban faɗa ba. Doka ta ba ni izinin in yi shiru in ci shari'a da shirun wani.

Maigidana ya ce lauya ba alƙali ba ne, kowa ya ɗauki nasa kaya, kuma idan lauyoyi suka fara tona asirin waɗanda suke karewa babu mai sake faɗa musu gaskiya. Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa alƙali da zahiri yake hukunci, hukuncinsa kuma ba ya halatta wa mutum abin da ya san ba nasa ba ne. Saboda haka na koma wurin wanda amanar take tasa. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, shari'ar nan muna iya cinta. Amma buhun nan yana iya nufin Baba ya san wani abu da takarda ba ta faɗa ba." Na ba shi shawarar sulhu: a zauna gaban dattawa, ko a raba gonar, ko a biya su abin da zai sa su sa hannu da yardarsu, banki ma ya fi son takardar da babu ƙara a kanta.

Ya daɗe yana juya makullin motarsa a hannu. Ya ce yana da ma'aikata goma sha biyu da ke jiran wannan rance, ya ce zai yi shawara da ƙannensa. An ɗage zama zuwa bayan girbi. Hujjar hauzin tana nan cikin fayil yadda na rubuta ta, ban goge ko layi ɗaya ba, kuma yau mako uku ke nan Alhaji bai kira ni ba.