Saƙo A Bakin Yaro

Akwai wata tambaya wadda ba a cika kawo ta gaban dattawan ekklesiya ba, ko da shi ke kusan kowane gida mai 'ya'ya ya taɓa jin zafinta. Ga ta: sa'ad da makaranta ta ke da magana da uba, ko uba ya ke da magana da makaranta, daidai ne a ɗora wa yaro maganar ya kai? Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, gama tun kakanni yara a ke aika. Gaskiya ne. Amma aikan yaro ya sayo gishiri dabam ne da aikansa ya faɗa wa ubansa ana binsa bashi.

Bari mu fara duba yadda zaman ya ke a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda ya tsaya bakin hanyar Zariya da ƙarfe bakwai na safe zai ga A Daidaita Sahu cike da yara, waɗansu daga Hausawa, waɗansu daga Darmanawa ko Unguwa Uku, kowa da jakarsa da gorar ruwansa. Iyaye kuwa ba a ganinsu sai jefi-jefi. Da yawa cikin mutanenmu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su ke aiki, wanda aka kafa a 1988, kuma mai aikin dare ya kan komo gida daidai lokacin da ɗansa ya ke fita. Waɗansu suna da rumfa a kasuwar Tarauni ko ta Sabon Gari, waɗansu direbobi ne a tashar Unguwa Uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin hawa ya ƙaru, har uban da ya saba kawo ɗansa da kansa ya koma haɗa shi da yaran maƙwabta a keke ɗaya. Ta haka zango ya kan wuce, malam bai san fuskar uba ba, uba bai san sunan malam ba. Abin da ya haɗa su jakar yaro ce kurum.

Yawancin abin da ke shiga jakar nan ba shi da laifi. Gobe a zo da tsintsiya, ran Alhamis akwai wasan guje-guje, a yanke wa yaro farce. Yaro ya kai wannan, ya ma koyi riƙon saƙo. Amma akwai magana iri biyu da ta fi ƙarfin wuyansa, watau maganar bashi da maganar kāsawa.

Maganar bashi ita ce ta fi fitowa fili. Kun san yadda a kan yi a makarantu da yawa, har da namu. An taru da safe, an yi waƙa, an yi addu'a, an karanta Maganar Allah. Sa'an nan hedimasta ya buɗe rajista ya kira sunaye, waɗanda aka kira su ɗauki jakunkunansu su fita, sauran yara suna kallo. Yaro ɗan shekara bakwai ya kama hanya da hantsi, hanyar da manyan motoci ke bi, ya isa gida ya tarar da ƙofa a kulle, gama uwa tana wurin aiki. To, ya ku masu karatu, me yaron nan ya koya a wannan rana? Bai ci bashin kowa ba. Ba shi ya yi alkawari da makaranta ba, ba shi da ikon biya, ba shi da ikon hanawa. Ya koyi abu ɗaya, cewa bakin da ya gaya masa Allah yana ƙaunarsa da ƙarfe takwas, shi ne ya kore shi da takwas da kwata. Shari'ar Musa ta hana a hukunta ɗa saboda laifin ubansa. Kuma kuna tune da gwauruwar nan ta zamanin Elisha, wadda mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Annabin bai ce bashin ba kome ba ne, ya nemi hanyar da za a biya shi har ƙarshe. Amma yaran ba su bar gida ba.

Lalle ne in faɗi hujjar makaranta kuma, gama tana da hujja mai ƙarfi. Makarantun mishan na dā gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970, wajen lokacin da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976. Waɗanda ekklesiyai suka buɗe daga baya ba su da wata rijiya sai kuɗin makaranta. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta yi shelar ilmi kyauta kuma dole a makarantunta, saboda haka wanda ya zaɓi tamu ya san da biya ya zaɓa. Malama tana da kuɗin haya, tana da nata 'ya'ya. Uban da ya sami kuɗin sabuwar waya da ɗinkin Kirsimati, amma ya bar kuɗin zango biyu a kansa, guminta ya ke ci, kada kuwa ya yi tsammani domin makarantar ta ekklesiya ce bashin ya zama baiko. Na kuma ji hedimastoci suna cewa, in ba a kori yaro ba uban ba ya zuwa. Sau da yawa haka ne. Amma ku duba abin da maganar ta ke nufi: mun gane inda ya fi yi wa uban ciwo, muka danna wurin. Mai garkuwa da mutane ma da wannan dabara ya ke aiki, ko da shi ke niyyarsa dabam ce da tamu nesa. Yin aikin dabara bai mai da ita halal ba. Bashi tsakanin manya biyu ya ke, sai manya biyu su zauna. Ekklesiya kuwa tana da abin da makarantar ɗan kasuwa ba ta da shi, tana da dattawa waɗanda za su iya zuwa gida da yamma su yi sallama, su ji ko ƙin biya ne ko rashi ne, gama maganin ɗayan ba shi ne maganin ɗayan ba. Jera sunayen masu bashi a zauren WhatsApp na iyaye kuwa, tsohon tonon asirin nan ne ya sake riga.

Maganar kāsawa ta fi wuyar gani, domin a nan ba a kunyata kowa, daɗi ma a ke ba kowa. Tun da makaranta da kuɗin iyaye ta ke rayuwa, akwai tsoro kullum kada uba ya ji haushi ya cire ɗansa ya kai makarantar da ke bayan layi. Sai malam ya ɗan ɗaga maki. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba ya zo gida da takardar sakamako mai kyau, uba ya yi murna, ya saya masa takalmi. Aji uku, aji huɗu, aji biyar, ana tura shi gaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: jarrabawar shiga sakandare ta zo, sa'an nan a gane shekara shida aka yi ana ruɗin mutum da kuɗinsa. Wanda ya yi wannan zai ce tausayi ya ji. Ni ina ganin kujerar da za ta zama wofi ya tausaya wa. Ƙarya ce, ko da da jan biro aka rubuta ta, yaron kuwa shi aka sa ya ɗauke ta ya kai wa ubansa da hannunsa, yana sane a ransa bai iya ba.

Akwai kuma wata ɓoyayyar hanya ta ƙin faɗin gaskiya. Malam ya rubuta gaskiyar, amma da Turanci, kalma uku a ƙasan takarda, ga uwar da Littafi Mai Tsarki na Hausa kaɗai ta iya karantawa. Wa zai fassara mata? Yaron da a ke magana a kansa! An mai da wanda a ke ƙara ya zama tafinta. Kada mu yi mamaki idan ya gyara fassarar. Yaron da ya gane shi kaɗai ne gada tsakanin gida da makaranta, ba da jimawa ba zai gane yana iya rage saƙo ko ya ƙara, ya ɓoye takarda a ƙarƙashin katifa, ya ce an ce a kawo ɗari biyar alhali ɗari biyu aka ce. Mu kan yi masa bulala saboda ƙarya, ba mu tambayi wanda ya bar ƙofar a buɗe ba.

Yanzu sai in juyo wurinku, iyaye, gama rabin laifin namu ne. Mun gāji wata al'ada ta miƙa yaro gaba ɗaya. Sa'ad da Likita Mila ya zauna a birnin Zariya a 1905, yaran da ya koya wa karatu a gidansa su ke kwana su tashi, haka kuma bayan da mishan ta koma Wusasa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma, daga garuruwa masu nisa aka kawo mata 'ya'yan sarakuna. A zamanin nan uba ya kan ce, na ba ka shi, shi ke nan, sai hutu. Amma makarantarmu ta yau ta jeka-ka-dawo ce. Awa shida yaro ya ke hannun malam, sauran goma sha takwas yana hannunka. Ko maƙwabtanmu masu kai 'ya'yansu makarantar allo ta unguwa, yaro ne ke kai kuɗin Laraba, amma uban ya san malamin, suna gaisawa a ƙofar gida safe da yamma, in akwai magana ba ta kwana.

Ga kuma kunya. Bahaushe ba ya son a ga yana rawar jiki a kan ɗansa, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba a faɗa. Ban raina alkunya ba, tana da kyau a wurinta, ta kan hana fahariya. Amma idan ta hana mutum taka ƙafa ya tambayi yadda ɗansa ya ke karatu, ta wuce gona da iri. Sau nawa uba ba ya zuwa makaranta sai ranar da aka bugi yaron, ya zo da fushi, ranar ce ta fari da malam ya ga fuskarsa? Ku tuna da Hannatu. Ba wanda ya miƙa ɗa kamar yadda ta miƙa Sama'ila, gama ta bar shi a Shilo tun yana ƙarami. Duk da haka kowace shekara ta kan ɗinka masa 'yar riga ta kai da kanta. Mai ɗinka wa yaro riga kuwa dole ta san tsawon da ya ƙara. Eli kuma, wanda aka ba riƙon ɗan wata, labarin nasa 'ya'ya a bakin jama'a ya ji shi, bayan abu ya riga ya lalace.

Kada mu manta da 'yan riƙo. Akwai yara a azuzuwanmu da aka kawo daga ƙauyukan Rano ko Sumaila ko Tudun Wada, suna zaune wurin kawu ko gwaggo domin karatu. Wanda ke riƙon yana jin nauyin tsawatawa, uban yana nesa, malam bai san wa zai nema ba. Irin waɗannan su ne saƙonsu ya fi ɓacewa a hanya. Ya kamata tun ranar da aka rubuta sunan yaro a rajista a tambaya sarai, wa za a kira, wa zai amsa. Hakanan idan maƙwabci Musulmi ya kawo ɗansa, wajibi ne hedimasta ya gaya masa baki da baki irin addu'a da karatun Littafi da a ke yi da safe, ya ji ya yarda ko ya ƙi tun da wuri. Kada ya fara jin labarin a bakin yaron. A gari irin Kano kowa ya san abin da ƙaramin rashin fahimta ya kan haifa.

Malamai za su ce, mutum ɗaya ba ya iya zaga gida arba'in. Ba wanda ya ce a zaga arba'in. A kowane aji malam ya san 'yan kaɗan ɗin da maganarsu ta yi nauyi, ya kuwa san su tun kafin tsakiyar zango. Waɗannan a nemi iyayensu tun icce yana ɗanye, a keɓe, da Hausa ko da harshen da su ke ji, a fara da abin da yaron ya iya kafin a zo ga abin da ya kāsa, a nuna littafin rubutunsa domin gani ya kori ji. In uban ɗan ekklesiya ne, ga ran Lahadi bayan sujada. In uwa ce ta fi samuwa, shugabar Zumuntar Mata ta san gidanta. In ba a iya zuwa ba, a buga waya a yi magana da murya, kada a tura rubutu. Taron iyaye da malamai kuma a daina sa shi ran Talata da ƙarfe goma, lokacin da ma'aikacin asibiti ya ke bakin aiki, mai rumfa kuma ya ke tsakiyar ciniki, sa'an nan a ce iyaye ba su damu ba. A gwada Asabar da la'asar, a sanar tun mako biyu kafin ranar, domin mai aikin dare ya sami wanda zai canja da shi.